Yadda Na Yanke wa Gul Zaman Kakanninsa

Kwanan baya na shiga wani shago a Bab Makka, nan Jidda, don a yi mini hoton takardar asibiti. Ina tsaye sai na ga saurayin da ke wurin ya ɗauki tarin takardu, ya huda su da inji, ya zura musu wata roba mai kama da hanjin kaza, ya miƙa wa mai su yana cewa, "Halas, an ɗinke." Na tambaye shi ko wannan shi ne ɗinkin littafi. Ya ce, "Ai ya amm, abin ba wuya, ko makaho zai yi." Na karɓi takardata na wuce, don asibiti nake sauri. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, shi ya sa na zauna in rubuta muku, ku samarin da kuke ganin sana'armu allura ce da zare kawai.

Sunana Idi, amma a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, kowa Idi Mujallid ya sani, wato mai yi wa littafi bango. Na koyi aikin a hannun Amm Sale, wato Baffa Sale, haifaffen Makka, wanda kakansa ya taho daga Katsina a ƙasa, bai koma ba. Shagonsa yana ƙarƙashin wani dogon gida mai tagogin katako, a wani lungu da jakin mai ruwa da mutum ba sa iya giftawa sai ɗaya ya manne da bango. Aikina na farko shi ne dama talgen alkama da ake manna fata da shi. Shekara guda cur na yi ina damawa. Idan ya yi gudaji, Amm Sale ya sa yatsa ya shafa mini a goshi. Idan na manta ban zuba sabir ba, wani abu mai ɗaci kamar maɗaci, da safe mu tarar kyankyasai sun yi walima a bayan littafin mutane. Sai a shekara ta biyu ya ba ni basilla da zaren kitani. A ta uku ya yarda in murɗa makabas, matsewar katako da ake danne littafi a ciki ya kwana. Akwai kuma ƙashin haƙarƙarin raƙumi da ya sha hannu har yana ƙyalli, da shi ake ninke takarda, da shi kuma ake ƙwanƙwasa kan mai koyo. Wuƙar datsa kuwa, mai tsawon kamu ɗaya, wadda ake daidaita gefen littafi da ita, ban taɓa ta ba sai da gemu ya fito mini.

Na tuna wani malami daga Zazzau da ya sauka daga jirgin ruwa da littafinsa na fiƙihu a gafaka. Ni da rawar kaina na ce a kawo in ɗinke masa. Ya ƙanƙame abinsa ya ce, "Ka ɗinke? To idan ɗalibai uku suna son karatu lokaci guda, yaga zan yi?" Tadarishi kawai yake so, fata mai tauri sama da ƙasa, warƙoƙin su zauna a sake. Mutanen Jawa su kuma sai an sa musu kore. Turkawa sai an buga musu tauraro a tsakiya. Amma waɗanda na fi ƙauna su ne akawunan tashar jiragen ruwa, masu kawo ƙananan littattafan soyayya na Masar da ake sayarwa a shimfiɗe a bakin kasuwa. Su tara goma su ce a haɗe, a yi musu baƙin bango marar ado, don idan surukinsu ya gani ya ɗauka nahawu ne. Ni kuwa ba na ɗinke ko ɗaya sai na karance shi. Daga nan na san cewa duniya cike take da masoyan da aka raba, da 'yan mata masu hawaye a bayan taga, da mugayen iyaye masu gashin baki. Har yau ban ga abin da ya ƙaryata wannan ba, sai dai tsarin yakan ɗan bambanta.

Muguwar shekararmu ita ce shekarar da ruwan sama ya shiga lungunan Balad. Jidda ba ta saba da ruwa ba, shi ya sa idan ya zo ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Jar fatar akuya da alhazan Sakkwato suka kawo mana duk ta yi funfuna, kwali ya kumbura kamar gurasa. A shekarar ce kuma littattafai suka fara zuwa daga Bairut da bangonsu a jiki, mai sheƙi, ba ruwan kowa da mu. Muka yi watanni muna kallon juna. Don kada hannuna ya mutu, Amm Sale ya sa ni in ɗinke tsofaffin jaridu, in kwance, in sake ɗinkewa. Da abin ya ishe shi, gwiwarsa kuma ta motsa, ya bar mini makulli ya tafi Ɗa'ifa wurin ƙanwarsa ya sha iska.

Kwana uku da tafiyarsa, da hantsi, ƙofar shagon ta yi duhu. Na ɗaga kai na ga Gul Zaman mai tamis. Tamis dai kun san ta, gurasar nan mai faɗin faifai da ake mannawa a cikin tanderu, kuma ta Gul Zaman ce duk lungunmu ke cin ful, dafaffen waken nan, da ita. Ƙato ne, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Mu a Jidda Sulaimani muke ce wa mutanensu, su kuwa Pashtun suke kiran kansu. Ya shigo da wani ƙunshi a rungume kamar jariri.

"Ina babban?" ya tambaya da Larabcinsa mai nauyi.

Na ce, "Yau ni ne babban."

Ya dube ni ya dubi makabas, kamar yana auna wanne ya fi hankali a cikinmu. Sannan ya zauna ya fara kwance ƙunshin. Ƙyalle bakwai na ƙirga. A ciki akwai warƙoƙi kamar arba'in, sun yi launin shayi, gefensu duk ya tattauye. Harufan irin namu ne, amma da wasu ɗigo da zobba a inda ban saba gani ba. Ko kalma ɗaya ban gane ba.

Ya ce wannan shi ne duk gadonsa. Yana ɗan shekara goma ya zo hajji da baffansa, baffan ya rasu a Mina, aka bar shi da wannan ƙunshi da sunan ubansa da na kakansa a baki. Bai iya karatu ba, amma ya san abin da ke ciki, don baffan ya sha ba shi labari a cikin jirgi. Su Yusufzai ne, wato 'ya'yan Yusufu. A faɗarsu, kakan dukkan Pashtun ya tako har Madina ya musulunta a hannun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koma ya haifi ƙabilu. Su nasu reshen sun zauna a wajen Kandahar, suka tashi zuwa Kabul. Can wani sarki ya ga sun yi ƙarfi, ya kira dattawansu cin abinci, ya sa aka karkashe su a kan shimfiɗa. Waɗanda suka tsira suka nausa gabas, suka ci wasu kwaruruka masu ruwan ƙanƙara da itatuwan goro irin nasu. Sai wani shehinsu ya raba ƙasar gida-gida, ya rubuta. Bayan 'yan shekaru kuma a yi ƙuri'a, gari guda ya kwashe kayansa ya koma gonakin wani gari, don kada wani ya dawwama a kan ƙasa mai kyau wani a kan duwatsu.

"Wanda sunansa ke cikin rabon, shi ne mutum," in ji Gul Zaman. "Wanda babu, ko ya yi gemu har cibiya, wanzami ne ko masaƙi ko mai gurasa."

Ya nuna mini warƙoƙin ƙarshe, ya ce waƙoƙi ne. Wasu na mayaƙa, waɗanda ke riƙe takobi da rana su riƙe alƙalami idan sun huta. Wasu kuma na mata ne, layi biyu-biyu, na farko gajere na biyu dogo, ba a san wadda ta fara yin su ba. Ya rufe ido ya rera mini ɗaya da wata siririyar murya da ban san inda ƙato kamarsa ya ɓoye ta ba. Ya ce maganar wata ce da ta fasa tulunta da gangan don ta sami dalilin komawa rafi.

Nan take na gane. Na ce, "Gul Zaman, wace ce?"

Kunnuwansa suka yi ja. Zarmina ce, 'yar Haji Sher mai sayar da darduma, wanda ke zaune a unguwar Nuzla. Shi ma Haji Yusufzai ne. Gul Zaman ya aika neman aurenta sau biyu, Haji ya ce shi ba ya ba mai gurasa 'yarsa, sai in ya nuna sunansa a cikin zuriya. An sa ranar Juma'a bayan la'asar, a gaban dattawa. Yana so a yi wa littafin bangon da idan Haji ya gani zai gyara zama.

Na dafa ƙirji na ce, "Ka bar mini. Wata ba zai kwana a bayan gajimare ba saboda rashin bango."

Aikin kam na yi shi. Na lallaɓa kowace warƙa da ƙashin raƙumi, na yi wa masu rauni ƙafa da siririyar takarda, na jera su yadda suka zo, na ɗinke da kitani mai kakin zuma. Na zaɓi fatar da ta tsira daga funfuna, ja wur. Saura abu ɗaya, gefen. Ya yi kaca-kaca, wata warƙar ta fi wata tsawo, ga wasu 'yan rubuce-rubuce a karkace can bakin takarda, da tawada iri-iri. Ni na san wannan. Duk malamin da ya fere sabon alƙalami sai ya gwada shi a gefen takarda, na ga dubunsu a littattafan mutanenmu. Na ce gwajin alƙalami ba zai ɓata wa masoyi littafi ba. Na danne shi a makabas, na wasa wuƙa, na yi bismilla, na sauke masa faɗin yatsa biyu. Gefen ya fito sumul kamar an yanka sabulu.

Ina tattara tarkacen don in zuba a buhun da muke tara duk takarda mai rubutu, sai idona ya faɗa kan wani zirin. Suna dai suna ne a kowane harshe. Ga shi ɓaro-ɓaro: Gul Zaman. A samansa wani suna, a saman wannan wani, har huɗu, kowanne da hannun mutum daban.

Na buɗe littafin. Sai a lokacin na lura da yadda aka yi zanen. Su bishiya suke yi wa zuriya. Kakan farko yana tsakiyar warƙa, rassa suna fita, kowane ɗa yana gaba da ubansa. Idan wuri ya ƙare, wanda aka haifa daga baya sai a matsa shi gefe. Matattun da suka daɗe suna zaune lafiya a tsakiya, rayayyu su ne a bakin takarda. Na bar wa Gul Zaman mutanen shekara ɗari huɗu, na yanke shi da ubansa da kakansa da kakan ubansa.

Ziri bakwai ne masu rubutu. Shida ban sha wuya ba, don wuƙar ta ratsa ta tsakiyar harufa, na haɗa wutsiya da gangar jikinta na manne ta baya. Na Gul Zaman ne ya ƙi. Wuƙar ta bi ta fili, ba abin da ta ratsa sai layin reshe guda ɗaya, kuma warƙoƙi biyu ne ke da reshen da ya zo daidai wurin ya tsaya. Ɗaya warƙa ce mummuna, baƙar tawada, cunkus da sunaye, har da ɗigon mai. Ɗayar kuwa, ya salam! Jar tawada da ruwan zinariya, furanni a kusurwa, kowane suna an kewaye shi da zobe kamar wata daren sha huɗu. Na tambayi zuciyata: mutumin da ke da irin muryar nan, wanda ya yi shekaru yana ƙona hannunsa saboda ido biyu da bai gani ba sai sau ɗaya, daga wace warƙa zai fito? Na manne shi a mai furanni.

Da ya zo karɓa ya ga 'yan zirin sun ɗan leƙo waje, ya tambaya. Na ce sabon yayi ne daga Istambul. Ya sumbaci bangon, ya ce lallai in raka shi ranar Juma'a, don a ga mai aikin.

Muka je. Ɗakin baƙin Haji Sher darduma ce a kan darduma, har ƙafa na nutsewa. Dattawa takwas, rawuna takwas, gemu takwas, da koren shayi. Haji ɗan siriri ne mai jan gemu na lalle. Ya karɓi littafin, ya juya shi, na ga ya gyara zama. Na zunguri Gul Zaman. Aka miƙa wa wani tsohon limaminsu mai tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ya yi ta buɗawa har ya sami sunan, ya fara karantawa daga gefe yana shiga ciki. Gul Zaman ɗan wane. Dattawa suka gyaɗa kai. Ɗan wane, ɗan wane. Suka gyaɗa. Ya tsallaka inda na manne, ya karanta suna na gaba, sai ya tsaya. Ya cire tabarau ɗaya ya sake dubawa. Ya karanta na gaba da shi. Wani dattijo ya fesar da shayi a kan darduma. Kafin ka ce kwabo ɗakin ya kece, wani yana dukan cinya, wani rawaninsa ya faɗo.

Ni ma na yi murmushi, na ɗauka murna ce. Haji ya share hawaye ya juyo gare ni da Larabci. "Ya usta, gwanin ɗinki, ka san me ke cikin warƙar nan? Asalin goɗiya ne! Kakan wani a cikinsu ya fi son goɗiyarsa a kan 'yan'uwansa, ya sa aka rubuta mata zuriya da zinariya. Littafi ya ce wannan ƙaton jikan Iskar Dutse ne, 'yar Farar Ƙafa!" Ya juya ga Gul Zaman. "Na ce ka kawo mini asali, ka kawo. Madalla. Amma 'yata ba ta cin sha'ir."

Gul Zaman ya ajiye kofin shayinsa. Ya miƙe, kansa ya bugi fitilar da ke rataye, ya fita ko takalmi bai tsaya sawa ba. Haji ya tura littafin ƙarƙashin matashinsa ya ce zai ajiye don baƙi.

Kwana uku tanderu a rufe. Lungunmu ya ci ful da busasshen burodi, kowa ya wuce ƙofar shago sai ya harare ni. Aka ce an ga Gul Zaman a tashar jiragen ruwa yana tambayar jirgin Karachi. A rana ta huɗu da hantsi na tafi Nuzla, na tsaya a ƙarƙashin tagar gidan Haji. Na san yadda abin yake tafiya. Za a ji shesshekar kuka, sannan farin hannu ya leƙo ya saki fure ko hankici, ni kuma in kai wa masoyi. Ina tsaye ina kallon sama sai aka watso ruwan wankin kifi, ya sauka dab da ƙafata.

"Kai! Kai ne mai ɗinkin?"

Da Hausa aka yi maganar, Hausa tsantsa, da murya irin ta mai kiran fasinja. Zarmina ce, ashe a cikin matan mutanenmu na Nuzla ta girma, a gidajensu ta koyi tuwo da zagi.

Na ce, "Ni ne, ranki ya daɗe. Ki yi haƙuri da ƙaddarar da ta raba..."

"Ƙaddarar gidanku! Shekara uku ina ƙin 'ya'yan masu darduma, ina cewa wannan gurgu ne wancan wari yake, don wannan sakaran mai gurasa ya yi ƙarfin halin tambaya. Ya tambaya, ka zo ka mai da shi doki. Kana da rago?"

Na ce ba ni da shi.

"Nemo. Ka ɗaura igiya a wuyanka, ka cika bakinka da ciyawa, ka ja ragon ka zo ƙofar nan ka durƙusa. A wurinmu wanda ya zo haka yana cewa ni sanka ne, dabbarka, yi yadda ka so da ni. Ko kisan kai ya yi ba a korarsa, kuma abin da ya roƙa sai an ba shi. Babana zai gwammace ya haɗiye gemunsa da a ce ya mayar da mai ciyawa. Yalla, tafi, kana tare wa mutane hanya."

Da na koma na tarar Amm Sale ya dawo, labari ya riga ni isa wurinsa. Ya sa na maimaita masa sunan goɗiyar sau biyu, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya huce ya ɗauki ƙashin raƙumi ya ba ni uku a tsakar ka. "Ya walad, kai yaro, wa ya ce maka ana sa wuƙa a rubutun da ba a karanta ba? Kuma da za ka manna, zuciyarka ka tambaya? Takarda ake tambaya!" Ragon layyarsa da yake kiwo a soro shi ya ba ni, yana ba ni yana tsine wa Istambul.

Washegari da safe muka kama hanya. Amm Sale da jakar kayan aiki yana ɗingishi, Gul Zaman da muka ciro daga tashar jirgi yana biye kamar wanda za a kai kabari, ni a gaba da igiya a wuya da damin ciyawar barsim a baki. Rabin Nuzla ta biyo mu. Na durƙusa a ƙofar Haji. Abin da Zarmina ba ta faɗa mini ba shi ne, ragon bai karya ba. Ya dube ni, ya matso, ya kama ɗaya bakin ciyawar ya fara ja. Na riƙe da haƙora, ya ja, na ja. A haka Haji Sher ya buɗe ƙofa ya same mu, hanci da hanci.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga kai ya dubi tagar sama, wadda aka rufe da sauri. "Wa ya koya wa Takaruni wannan?" Haka ake kiran mutanenmu a nan. Ya yi tsaki, ya sunkuya da kansa ya cire mini igiyar, ya zare sauran ciyawar daga bakina ya ba ragon. "Tashi. Ka shigo gidana, ka fi ƙarfina. Me kake so?"

Na tofar da ganye na ce, "A kira dattawan nan takwas, a ba maigidana littafin na sa'a ɗaya."

Aka yanka ragon, Amm Sale yana kallo yana haɗiyar zuciya. Bayan an ci, ya shimfiɗa farin ƙyalle a gaban dattawa. Ya jiƙa auduga da ruwan ɗumi ya dinga dannawa a bayan zirin, a hankali, har talgen ya saki. Bai dubi rubutun ba ko sau ɗaya. Ya ɗaga zirin sama wajen hasken taga, ya kira ni. A bakinsa, inda wuƙata ta bi, akwai wata 'yar ƙaramar ɓula, rabin da'ira, ba ta kai ƙwayar gero ba.

"Tsutsa ce," in ji shi. "Ta shiga littafin nan tun kafin a haifi ubanka, ta yi rami a karkace. A kowace warƙa ramin yana ɗan matsawa. Rabin ƙofarta na nan, nemo mini ɗaya rabin."

Ya kara zirin a warƙar goɗiya. Ramin ya kauce da faɗin zare biyu. Ya kara a mummunar warƙar nan mai ɗigon mai. Rabi ya haɗu da rabi, da'ira ta cika, layin reshe ya miƙe. Ya zagaya da shi gaban dattawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa ido ya ce haka ne.

Liman ya ɗora tabarau a kan tabarau ya karanta. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Da ya tsallaka manni ya faɗi suna na biyar, sai na ga jan gemun Haji ya daina motsi. Wani dattijo ya raɗa wa Amm Sale da Larabci cewa ai wannan sunan kakan kakan Haji ne. 'Ya'ya biyu ya haifa. Ɗaya ya zauna, ɗaya ya yi faɗa ya bar kwarin, aka ce ya mutu ba magaji, gidan su Haji suka haɗe gonar goro duka.

"Ashe rabin gonar tana da mai ita," in ji liman, yana duban silin.

Haji ya yi gyaran murya. Ya zuba wa Gul Zaman shayi da hannunsa. "Ɗan'uwana," ya ce, "ni dama tun farko na ga alamar gidanmu a goshinka. Me mai gurasa zai yi da gona a bayan duniya? Ga dattawa shaida, na ba ka Zarmina. Magana ta ƙare, ba na janyewa." Aka ɗaga hannu aka yi fatiha. Da aka shafa, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Gonar kuma, tsakanin suruki da suruki, sai a bar zancenta."

Gul Zaman, hawaye na bin gemunsa, ya buɗe baki zai ce ya bari. Ni ma idona ya cika, don a duk abin da na karanta a nan ne masoyi ke cewa duniya da abin da ke cikinta ba su kai igiyar takalminta ba. Sai aka buga ƙofar cikin gida da wani abu mai kama da ludayi, muryar nan ta fito da Hausa, yadda uban ba zai ji ba.

"Kai mai ciyawa! Gaya masa in ya bar ko reshe ɗaya, ya koma wurin goɗiyarsa!"

Na matsa na raɗa masa a kunne. Ya rufe bakinsa. Ya share fuska da hannun riga, ya ɗauki shayin ya kurɓa, ya dubi Haji.

"Baffa," ya ce, "itace nawa ne a ciki?"